Ni Gwanin Janareta Ne, Ba Gwanin Karatu Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Musabaƙar Alƙur'ani na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Malam yana lafiya, sunana Sale, mai gyaran janareta a Gagarawa Tasha. Ina da kuka a kan musabaƙar da kuka yi a Gumel.

Na ɗaya. A wajenku Gwani shi ne wanda ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka. A tasha kuwa kowa gwani ne: akwai gwanin faci, akwai gwanin shayi, har gwanin surutu muna da shi. Ni ma saboda gyaran inji aka laƙaba mini Gwani. Da direbanku ya zo neman Gwani Sale, 'yan acaɓa suka nuna masa rumfata. Na ɗauka injinku ne ya lalace, na ɗauki jakar sifanoni na shiga mota. Ainihin Gwani Sale, dattijo mai tsangaya a bayan kasuwa, ya wuni da rawani yana jira.

Na biyu. Da aka kai ni teburin alƙalai na faɗa wa mutanenku cewa ni ba wani abu na sani ba. Suka ce tawali'u ne irin na manya. Na ƙara faɗa, suka ƙara girmama ni. Aka ajiye mini ƙararrawa, aka ce in na ji abin da ba daidai ba in kaɗa.

Na uku. Wata yarinya daga Sule Tankarkar, Hauwa'u, tana tsakiyar karatu, sai na ji janaretanku yana tari. Filogi ne, kuma na san lasifika na gab da ɗaukewa. Na kaɗa. Yarinyar ta tsaya, ta koma baya, ta rikice. Sauran alƙalai suka dube ni, suka rage mata maki, don babu mai son a ce Gwani ya ji abin da shi bai ji ba. Na yi bayani bayan an tashi, aka ce an riga an rufe sakamako.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, mahaifinta ya zo har rumfata ya durƙusa, yana roƙon in nuna masa ayar da ta yi kuskure don ta gyara. Na ce masa filogi ne. Ya ɗauka sakaya zance nake yi. Ya ce tun da suka koma gida take maimaita shafin nan, tana neman inda ta ɓata. Wannan ya ƙona mini rai, har yau bai sake ni ba.

Roƙona: ku zaunar da Hauwa'u gaban ainihin Gwani Sale ta sake karatunta, ku kuma ba dattijon haƙuri. Nan gaba, kafin ku miƙa wa mutum ƙararrawa, ku tambaye shi gwanin mene ne. Filogin zan canza muku kyauta.

Amma kafin komai, a aika wani wanda za ta yarda da maganarsa ya gaya mata ta daina nema. Babu kuskure a shafin.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya yi muku jagora.

Wassalam.
Sale mai gyaran janareta, Gagarawa Tasha