Littafin Turancin Inna

Tudun Wada, Zariya
3 ga Yuni

Bahijja,

Assalamu alaikum. Ya maigidan, ya Maijidda? Gaisuwar ke nan, don raina a ɓace yake.

Wai ba za ku zo hutun nan ba saboda kin sa Maijidda a lesin na mako shida a Ankara, can ƙasar Turkawa. Lesin ɗin me? Yarinyar da aka haifa a Landan, wadda ko "sannu" ba ta iya ba, ita ce kuma za a ƙara wa Turanci? Shekararta tara, rabon Inna da takwararta tun tana goye. In suna wayar bidiyo sai su yi ta kallon juna suna murmushi, kamar baƙi a layin asibiti. An fente ɗaki, an ɗinka katifa. Ni ba zan gaya wa Inna ba, ke za ki gaya mata.

Yayanki,
Salmanu

Ankara
12 ga Yuni

Yaya Salmanu,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna da kowa da kowa.

Kana zaune a Tudun Wada kana yanke hukunci kan abin da ba ka gani ba. Tun da aikin babanta ya kawo mu nan, makarantar Turkanci take zuwa. Turancin na bakinta, amma rubutunta ya lalace, lissafi ma ta koma baya. A watan Satumba za ta zauna jarrabawar makarantar da ake koyarwa da Turanci. In ta faɗi, kai za ka share mata hawaye? An shirya lesin ɗin ne musamman don yara irinta, da ƙyar na samo gurbi. Inna ai tana nan, sai baɗi in Allah ya kai mu.

Ƙanwarka,
Bahijja

Tudun Wada
21 ga Yuni

Bahijja,

Salamu alaikum. "Inna ai tana nan." Kin ji bakinki?

Ta hana ni faɗa, amma yau zan faɗa. Tun bayan ƙaramar salla Inna ke zuwa lesin wurin Malama Suzana, mai koyar da yaran unguwa a barandarta. Shekara saba'in da huɗu, tana zaune a benci ɗaya da 'yan aji biyu. A gaba take zama, don kunnen dama ya riga ya tafi, likita kuma ya ce na hagu na bin sahu. Na yi faɗa, na ce mutane na dariya. Ta ce su yi, ita dai ba za ta mutu ba ta tsokani takwararta da yaren da yarinyar ke ji ba.

Jiya ta tsinci maganar rashin zuwanku a bakin matata. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo mini littafin aikinta ta ce, "Aika wa takwara. Tun da ita ma abin da take nema ke nan, ta kwafa, ni na gama." Yau ba ta je lesin ba.

Na ba Lawal ɗan maƙwabcinmu, da zai koma makaranta can, ya kawo miki. Baɗin da kike cewa, ki zo ki yi mata magana da hannu.

Ki gaida gida,
Salmanu

Ankara
2 ga Yuli

Yaya,

Salamu alaikum. Littafin ya iso. Na ajiye shi a kan tebur, Maijidda ta ɗauka ta bi shi da jan biro, ta ba da bakwai cikin goma. Sannan ta tambaye ni wace yarinya ce wannan mai suna irin nata, kuma me ya sa duk jimlolinta kan wata baƙuwa ce da za ta zo.

Yaya, don Allah kada Inna ta daina zuwa lesin.

Taku,
Bahijja