Tsibiri Ba Tsibbu Ba Ne

Kusada, Jihar Katsina.

Zuwa ga ƙanena Ɗalha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare mana kai daga wannan ruwa da ba a hango ƙarshensa. Gero ya yi kyau bana a Fakuwa, yara duk lau, sai Ummi da ke fama da haƙori.

To Ɗalha, ka ja mana magana, har aurenka da Zuhura yana neman lalacewa. Ka tuna saƙon muryar da ka turo kana ba da tarihin tsibirin da kake aiki? Ka ce da can masunta ne kawai da bukkokinsu, sai wani Bature ya gina masauki a bakin teku, gari ya kafu, yau mutane na zuwa daga uwa duniya suna biya don su kwanta a yashi. Na kunna wa Kawu Nagoggo, ka dai san kunnensa. Ka ce tsibiri, shi ya ji tsibbu. Ya ji yashi, ya ji ana zuwa ana biya, shi ke nan wai ɗansa ya zama malamin tsibbu mai bugun ƙasa! Kafin la'asar ya baza labarin a kasuwa. Wallahi har daga garin Ƙofa wata mata ta zo neman lambarka, akuyarta ce ta ɓace.

Magana zarar bunu. Da ta kai kunnen Malam Basiru, mahaifin Zuhura, sai ya ce ba zai haɗa zuri'a da ɗan tsibbu ba. Yarinyar nan kuka take ta yi, ni ma raina ya ɓaci ƙwarai. Na tura maigidana Lawal ya warware masa cewa tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye, kai kuma kujeru kake jera wa baƙi su sha rana. Malam ya ce tun yana yaro yake shan rana a gona, ba a taɓa ce masa ya biya ba. Wai duk wanda ya iya sa mai hankali ya sayi rana kuwa, ya fi ɗan tsibbu hatsari.

Da ƙyar ya yarda ka zo bayan girbi ka yi masa bayani da bakinka. Don Allah ka zo, kada ka yi wasa, Zuhura na jiranka.

Lawal da 'yarmu Saudatu suna gaishe ka, ka gaida abokin zamanka Dauda. Kawu ya ce ka yafe masa, yanzu ya fahimta sarai, amma in ka zauna bugun ƙasar ka duba masa ciwon gwiwarsa.

Taka har kullum,
yayarka Jamilatu.