Birkin da Na Juya Maka

Zuwa ga yayana, Malam Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, a durƙushe, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Na san ba a kai takarda inda kake. Shi ya sa na ajiye wannan a inda jama'a za su karanta, domin maganar da ke cikinta ta daɗe tana neman shaidu.

Sabi'u ne, ƙaninka mai gyaran keke a bakin kasuwar Rano, wanda kake kira Injiniya idan kana so a yi maka faci kyauta. Har yanzu ina rumfar nan. Furfura ta fito mini, ga shi yau na girme ka nesa ba kusa ba, amma bakina bai iya kiranka komai ba sai Yaya.

Kana tuna keken nan naka na gwanjo? Ka zo da shi daga Kano a shekarun da farar hula suka dawo mulki, mai giyar canza gudu, mai ƙatuwar taya kamar ta babur, ba kariya, ba inda za a ɗaure buhu. Duk garin aka yi ta yi maka dariya. Malamin firamare guda, ya ci albashinsa a kan keken da ba ya ɗaukar ko dami ɗaya.

Duk ranar Asabar sai ka nufi bakin dam ta wajen Rurum. Ka bi burtali, ka ratsa gonaki, ka haye duwatsu kana haki, sannan ka gangaro ta siririyar hanyar masunta har bakin ruwa. Ba kifi za ka saya ba, ba wanda ya aike ka. Abin da ya fi ɗaure wa Inna kai ke nan. Takan ce, mutum da hankalinsa ya hau dutse don kawai ya sauko?

Sau ɗaya na bi ka da tsohon keken Baba. A rabin dutsen na sauka na tura, kai kana can sama zaune a kan falale, kana yi mini tafi. Da na iso ka nuna mini ruwan, shimfiɗe har ƙarshen gani, da kwale-kwale biyu a tsakiya. Ka ce a nan kaɗai kake jin kanka ya yi shiru. Ranar ban gane ba, ƙafafuna ne ke ciwo.

Yaya, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gidanmu ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe ka kawo mini keken, ka ce wayoyin birki sun tsufa. Na cire su duka biyun na sa sababbi. Ka san yadda kekunan garin nan suke tun na kakanninmu: hannun dama na tayar gaba, hagu na baya. Naka da ya fito daga Turai a juye yake, dama na baya. Da na ga haka sai na ce Turawan nan ba su iya ɗaura birki ba. Na mayar da shi irin namu, har ina jin daɗi na gyara maka abin da ba ka lura da shi ba.

Na yi niyyar gaya maka. Washegari da safe na tafi suna a Kibiya, ka zo ka karɓi keken a wurin maƙwabcina mai shayi. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ka cika taɓa birki ba, in ma ka taɓa, bambancin kaɗan ne. Amma shekara biyu hannunka na dama ya saba, shi kake matsewa da ƙarfi a kan gangara.

Wani masunci da ke gyaran koma ya ce ya ga keken ya kafe da gaba kamar an riƙe shi, kai kuma ka wuce ta kansa. Kafin a fito da kai bakin titi rai ya yi halinsa.

An riƙe shi. Wannan kalma ita jama'a suka ɗauka. Kafin sadakar uku, kowa ya san mutanen ɓoye ne na dutsen suka gaji da mai ratsa musu gida kowace Asabar. Inna ta yarda. Ni kuwa da aka dawo da keken na matsa hannun dama, na ga tayar gaba ta kame, na san aljanin. Na kai keken ɗakin hatsi na rufe shi da tabarma.

A wajen jana'iza liman ya ce a yafe maka. Na buɗe baki tare da kowa na ce na yafe. Har yau idan na tuna wannan, kunya ce ke fara kama ni kafin baƙin ciki.

Lokacin ana ta wa'azin shari'a a ko'ina. Wata rana bayan la'asar na tsaya na tambayi wani malami, na ce wani abokina ne abin ya faru da shi. Ya dube ni ya daɗe, ya ce abokin nan naka ya yi azumin wata biyu a jere, wannan tsakaninsa da Allah ne. Amma akwai haƙƙin masu jini, sai ya je ya durƙusa musu. Kai kuwa, Yaya, ba ka bar mata ba, ba ka bar ɗa ba, Baba ya riga ka tafiya. Inna ce kaɗai mai jininka.

Azumin na yi shi, cikin bazara ma. Shi ne mai sauƙin. Inna tana ta sa mini albarka, tana cewa ɗan nan ya kama ibada tun rasuwar wansa. Sau nawa na shiga ɗakinta da maganar a bakina, na fito da gaisuwa kawai. Na ce bari ta huce. Na ce bari a yi shekara. Na ce bari ta dawo daga Makka. Tsoro ne kawai, Yaya. Ɗa ɗaya ya rage mata, ban so ta dube shi ta ga abin da nake gani ba.

Yanzu idonta ya tafi, tunaninta ma yana zuwa yana komawa. Makon jiya na ga in ban faɗa ba ƙasa za ta raba mu. Na durƙusa gaban gadonta na faɗi komai, tun daga wayar birki har tabarmar da ke ɗakin hatsi.

Ta lalubo fuskata da hannu biyu. Ka san kai ɗan fari ne, duk rayuwarka ba ta taɓa kama sunanka ba, sai dai ta ce yaron nan. Ranar ta faɗe shi. Ta ce, Habibu, ka dawo daga bakin ruwan? Na yafe maka, amma kada ka ƙara hawa dutsen nan.

Na ce to, Inna.

Na makara. Yafiyar da na yi shekara ashirin da ɗoriya ina tsoron nema ta fito, amma ba da sunana ba. Kai aka ba, kai da ba ka yi wa kowa laifi ba.

Saboda haka na dawo gare ka. Ku kuma masu karantawa, ku gaya wa mutanen bakin dam su bar yaransu su bi hanyar nan. Babu kowa a dutsen.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya haskaka makwancinka, Ya sa ka sami shirun da kake hawa dutse nema. Allah Ya sassauta wa Inna tsufa. Ranar da za mu tsaya a gabanSa, Allah Ya sa idan aka tambaye ka a kaina, ka faɗi abin da na faɗa a jana'izarka.

Ƙaninka,
Injiniya