Ku Sallame Ni Daga Tsaron Gida

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Ƙwallon Asabar ta 'yan uwanmu mazauna Manchester da Birmingham, Dakta Sa'idu, tare da sauran 'yan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku. Yaya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Ranka ya daɗe, sunana Isiyaku, amma a bakin fili Baba Gorton ake ce mini, da sunan unguwar da nake zaune a Manchester. Idan sunan bai tuna maka da kowa ba, ni ne tsohon nan mai kwat ruwan toka da sandar ƙarfe, wanda ke zama a kan bencin da ke bayan raga a tsohon filinmu. Ni ne kuma wanda 'yan kallo suka zaɓa mai tsaron gida a wasan gwarazan bana, zaɓen da kuka soke. Tunda sunana ne ya jawo rigimar, ya kamata a ji ta bakina. Na rubuta a buɗe ne domin waɗanda suka zaɓe ni su ma su karanta, don ƙafata ba za ta kai ni gida-gida in yi musu godiya ba.

Da godiya zan fara, don ita ta fi yawa a zuciyata.

Na zo ƙasar nan ina saurayi, an turo ni koyon aikin masaƙa da nufin in koma Kaduna. Allah bai nufa ba. A nan na yi aure, a nan na tsufa, a nan kuma na binne mai ɗakina, Allah ya ji ƙanta. Ɗana ɗaya ne, yana can nesa da iyalinsa, yana kira idan ya samu sarari. Bayan rasuwarta ina zuwa wani zauren tsofaffi da ke unguwarmu, a sha shayi a yi hira. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, sai aka rufe shi. Ɗakin karatu da nake zuwa duba jarida aka rage masa kwanaki. Sai ya zama ina iya wuni ban ji muryar kowa ba sai ta rediyo, ita kuwa ba ta amsa sallama.

A cikin wannan hali ne wata Asabar na bi ta gefen filin shaƙatawa na unguwarmu, na ji wani ya ƙwala ihu da Hausa: "Kai, ba ni, ba ni! Makaho ne kai?" Na tsaya cik. Ban taɓa zaton zagi zai yi mini daɗi haka ba. Na lallaɓa na zauna a benci, ban tashi ba sai da aka tashi wasa. Tun daga ranar Asabar ta zama ita ce Juma'ata ta biyu. Ɗaliban da ke zuwa daga unguwar Fallowfield suna durƙusawa su gaishe ni. Maman Talatu, mai kawo masa da kunun gyaɗa, ba ta taɓa yarda ta karɓi sisina ba. Yaran da aka haifa a nan suna ce mini "Baba, ina kwana" ko da yamma ce, ina kuma amsawa da "lafiya lau", don ban ga amfanin gyara gaisuwar da aka yi da zuciya ɗaya ba. Bitrus, mai tsaron gidan 'yan Gorton, yakan taso daga aikinsa na gidan kula da tsofaffi ya zo ya tsaya a raga, kuma idan ƙwallo ta yi nisa sai ya juyo mu taɓa hirar Jos, inda na taɓa zama. Ku kuka kafa wannan gasa, ku kuke yawon neman fili da alƙalin wasa ba tare da an biya ku ba. Ban manta ba, kuma Allah ba zai manta ba.

Yanzu ga kokena, in kun ba ni dama.

Na farko. Bayan ƙaramar sallar bara kuka ɗauke wasannin daga filin unguwa kuka mayar da su wani fili mai ciyawar roba a bayan gari. Na san dalilinku, kuma ba ƙarya kuka yi ba. An ƙara kuɗin hayar tsohon filin, an daina yanke ciyawarsa a kan lokaci, an kulle ɗakin sauya kaya. Amma sabon filin bas ba ya zuwa can ranar Asabar, an soke wannan layin. Na gwada sau ɗaya. Na sauka a inda bas ya tsaya, na kama hanya da sandata, kafin in isa an kusa tashi, kuma na tarar babu wurin zama, sai waya da aka kewaye filin da ita. Na riƙe wayar ina leƙe kamar wanda ya zo ziyara gidan yari. Wannan tafiya ta kwantar da ni, har likita ya ce kada in sake. Ba ni kaɗai ba ne. Mata masu tura keken jarirai sun daina zuwa. Maman Talatu an ce mata ba a shiga da abinci. An gaya mini haka aka yi a Birmingham, aka ɗauke wasa daga kusa da unguwar Small Heath aka kai inda sai mai mota.

Na biyu, kuma ya fi na farko ciwo. Ba a tambaye mu ba. Da Maman Talatu ta je taronku ta ɗaga hannu, an gaya mata cikin ladabi cewa taron na ƙungiyoyi ne masu rajista, ɗan kallo ba shi da kujera. To, ranka ya daɗe, ɗan kallo ba shi da kujera a taro, ba shi da kujera a fili. Abu ɗaya ya rage masa a cikin dokarku, wato ƙuri'ar da yake jefawa sau ɗaya a shekara ya zaɓi gwarazan da za su wakilci garinsa a wasan Manchester da Birmingham.

Na uku shi ne yadda sunana ya shiga zaɓen, don na ji ana cewa ni na shirya. Wallahi ban san hawa ba, ban san sauka ba. Abin da ya faru shi ne, wata Juma'a bayan an idar da salla, Nasiru, kyaftin ɗin 'yan Fallowfield, ya same ni ina neman takalmina. Ya ce, Baba, ina ka shige, an daina ganinka a bayan raga? Ni kuwa na ba shi amsar da kowane tsoho zai bayar a gida. Na ce ai yanzu na zama mai tsaron gida. Abin da nake nufi kowa ya sani: idan mutanen gida suka tafi biki ko kasuwa, tsoho ake bari ya tsare gida. Nasiru ya yi dariya har da riƙe ciki, sai kuma na ga dariyar ta ɗauke, ya tsaya yana kallona. Daga nan ya raka ni bakin bas.

Ashe maganar ya ɗauka ya kai wa sauran. Da aka buɗe zaɓe ta waya, a gurbin mai tsaron gida sai mutane suka riƙa rubuta Baba Gorton. Ɗalibai suka rubuta, matan coci su Maman Talatu suka rubuta, har Bitrus, wanda gurbinsa ne, an ce shi ma ni ya zaɓa. Labari ya kai Birmingham, su ma da nasu ciwon, suka ce ai mai tsaron gidan nan namu ne duka, suka rubuta ni a nasu gurbin. Sai ga shi mutum ɗaya, wanda ya haura tamanin, wanda ba ya iya ɗaura igiyar takalminsa sai ya zauna, shi ne zai tsare ragar Manchester, shi ne kuma zai tsare ragar Birmingham, a wasa ɗaya.

Ni ban ji labari ba sai da sakatarenku ya kira ni. Yaro ne mai ladabi, haifaffen Birmingham, Hausarsa tana tafiya da ɗingishi kamar ni. Bai san ni ba, ya ɗauka wani sabon ɗan wasa ne ya zo daga gida. Ya taya ni murna, ya tambaye ni a wace ƙungiya nake bugawa, da kuma girman safar hannun da nake sawa. Na ce masa safar hannuna ta ulu ce, ta maganin sanyi, kuma ɗaya ta ɓata a bas. Sai ya tambayi shekaruna. Da na faɗa masa sai ya ce "inna lillahi", ya ba ni haƙuri, ya ajiye waya. Kada ku ga laifinsa. Rabon da in yi dariya irin ta ranar tun mai ɗakina tana da rai. Bayan dariyar kuma na zauna na yi hawaye, don na gane cewa akwai mutane a gari biyu da suka lura benci ya zama babu kowa.

Na huɗu. Sanarwar da kuka fitar ta ce zaɓen wasan yara ne, an ci mutuncin gasa, don haka an soke shi, daga yanzu kwamiti ne zai riƙa zaɓen gwaraza, an kuma dakatar da Nasiru. A nan ne nake roƙon ku sake tunani. Babu wanda ya zaɓe ni don yana zaton zan kama ƙwallo. Ba su fasa taro ba, ba su zagi kowa ba, ba su hana wasa ba. An rufe musu ƙofa sai suka yi magana ta tagar da ta rage. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa, ku kuwa masu hankali ne, da yawanku malaman jami'a. Idan kuka toshe tagar ma, wasa zai ci gaba, ciyawar roba ba za ta bushe ba, amma za ku waiwaya wata rana ku ga 'yan wasa ne kawai da alƙali. Kun sa wa gasar nan manufar zumunci, na ji ka faɗa da bakinka a ranar rufe gasar bara waccan. Zumunta kuwa a ƙafa take, ƙafar wasunmu kuma ba ta wuce tashar bas.

Ban ce ku yi abin da ba za ku iya ba. Na san zamanin da muke ciki, kowa yana ƙirga abin da ke aljihunsa kafin ya kunna na'urar ɗumama ɗaki. Ga abin da nake roƙo.

Ku mayar wa 'yan kallo ƙuri'arsu, ku kuma ba su kujera ko ɗaya ce a taronku. Idan shawarata ake nema, Maman Talatu ta isa, ba ta da tsoro kuma ba ta da ƙarya.

Ku janye dakatarwar Nasiru. Laifinsa shi ne ya ji maganar tsoho ya fahimce ta fiye da yadda tsohon ya yi nufi. Idan dole sai an hukunta wani, bakin da ya furta maganar nawa ne, ku dakatar da ni, ai dama a dakace nake.

Ku ba Bitrus safar hannunsa. Shi ne na biyu a ƙuri'a, shi ne na farko a raga, kowa ya sani. Haka ma mai tsaron gidan Birmingham, wanda ban sani ba, amma ina ba shi haƙuri na tare masa wuri.

Sai na ƙarshe, wanda shi ne nawa na kaina. Idan ba za a iya komawa tsohon filin kowane mako ba, a riƙa komawa ko sau ɗaya a wata. Idan wannan ma ya gagara, motocin da ke zuwa sabon filin na ga suna wucewa da kujerun baya babu kowa. A tsara yadda za a riƙa ɗaukar tsofaffi da mata masu yara, a kuma roƙi masu filin su bar mu mu shiga da kujerun roba. Ni ba ni da nauyi, likita ma ƙorafin da yake yi ke nan.

Ga 'yan uwana da suka zaɓe ni, na Manchester da na Birmingham, Musulmi da Kirista: na gode, na gode. Na yi makaranta tun ana rubutu a kan silet, na yi aiki shekaru masu yawa, ba a taɓa zaɓena komai ba, ko monita. Sai da na tsufa na ci zaɓe a gari biyu ba tare da na yi yawon neman ƙuri'a ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu lura da ku ranar da ƙafa ta gaza. Amma ina roƙonku ku je kallon wasan gwaraza, kada ku ƙaurace masa saboda ni. Yaran sun yi shekara suna gumi domin wannan rana.

Ranka ya daɗe, a yau gida uku aka ba ni tsaro. Na sauka daga tsaron ragar Manchester, na sauka daga tsaron ragar Birmingham, da hannuna na rubuta, babu wanda ya tilasta ni. Na ukun shi ne wannan ɗaki da nake zaune a Gorton, kuma shi ba ni da ikon sauka sai kun sallame ni. Na tsare shi tun bara babu fashi, kuma ina tabbatar muku babu abin da ɓarawo zai ɗauka a ciki in ba ni ba. An ce bana a Birmingham za a yi wasan. Na wanke kwat ɗina, na sayi sabuwar safar ulu. Idan an samu kujera a motar wani, a ajiye ni bayan ragar Bitrus, akwai hirar Jos da muka bari ba mu ƙarasa ba.

Allah ya ƙara muku haƙuri da jama'a, ya saka muku da alheri a kan wahalar da kuke yi, ya sa ku gama lafiya, ya raya muku zuriya. Idan na faɗi abin da ya ɓata muku rai, ku yafe wa tsoho.

Wassalam.

Naku,
Isiyaku, Baba Gorton,
mai tsaron gida mai jiran sallama.