Marcar Gidan Lingden

Ni Budarani Lingden, ta ƙauyen da ke saman kogin Tamor, nake rubuta wannan da hannuna, da rubutun da na koya bayan na yi jikoki. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ya fara yi mini rowa, amma hankalina garau yake. Mai shakka ya rufe mini ido ya ɗanɗana mini giyar gidaje uku, in faɗa masa macen da ta dafa kowacce. Ina magana da ku 'ya'yana, Aitaraj da Sancarani da Mukum, da ke surukata Lacimaya, matar Aitaraj.

Na ɗaya. Gida da gonar tamba na Aitaraj ne. Tongbar mahaifinku, mazubin shan giyarsa ta katako mai zoben tagulla, da tsinken gorar da yake zuƙa da shi, su ma naka ne. Ruwan zafi ake zuba wa tambar giya a cikin tongba a jira ta saki ranta, ba tafasasshe ba. Kuma ka daina juya ta da tsinke kamar mai dama kunu; tun kana saurayi nake kallonka ina haɗiye magana.

Na biyu. Babbar tukunyar tagulla, da tabarmar gora ta shanya, da kwandunan nan na saman murhu, na Lacimaya ne. Kin san aikin, amma ga shi a rubuce saboda masu zuwa. A wanke tamba har ruwa ya fito fes. A dafa ta sai ƙwayar ta buɗe baki, kada ta caɓe. A baza a tabarma ta huce, a taɓa da bayan hannu: in ta yi ɗumin kumatun jariri, lokacin barbaɗa marca, abin tayar da giya, ya yi. A zuba a kwandon da aka shimfiɗa wa ganye, a lulluɓe da buhu kusa da murhu. Ranar da kika shigo ɗaki ƙamshi mai zaƙi ya tare ki a ƙofa, a juye a randa, a rufe baki da ganyen ayaba, a liƙe da yumɓu. Da sanyi takan yi nawa, da zafi takan yi gaggawa. Hanci ne zai gaya miki.

Na uku, kuma shi ya fi damuna: marca. Garin shinkafa ne kawai da citta da barkono da saiwar nan ta bakin rafi, a mulmula ƙanana. Amma in ba a barbaɗa musu garin tsohuwar marca ba, sai su bushe a banza, ba su tayar da komai. Tamu daga uwata take, tata daga tata uwar. Ina yarinya na tambaye ta, “Inna, to ta farko fa, wa ya barbaɗa mata?” Ta ce, “Ke dai kin cika tambaya, mulmula ki ba ni wuri.” Na tambayi mai yi mana addu'o'in gargajiya, ya ce Yuma, kakar da muke bauta wa, ita ta bayar. Na tambayi malamin makaranta, ya ce wasu halittu ne da ido ba ya gani. Na ce, “To su wa ya kawo su?” Ya yi dariya ya miƙo tongbarsa a ƙara ruwa. Har yau ban ga inda maganganun biyu suka yi karo ba.

Abin da na tabbatar shi ne marca tana mutuwa. Ta gidan maƙwabtanmu ta mutu shekarar da ruwan sama ya shiga rufinsu, suka koma sayen ta kasuwa, giyarsu ta zama mai sa ciwon kai. Don haka ƙullin da ke rataye a saman murhu a raba shi biyu, rabi ga Lacimaya, rabi ga Sancarani ta haye kogi da shi gidan mijinta. In marcar ɗaya ta mutu, ta je wajen ɗayar ta karɓa. Ba a aika yaro. Da ƙafarta za ta je.

Na huɗu. Na san me ya sa na ce da ƙafarta. Sancarani da Lacimaya, tun sadakar mutuwar maigidana ba ku gaisa ba. An buɗe babbar randa gaban dangi, giya ta fito da tsami kamar ruwan tsamiya, tsofaffi suna zuƙa suna kallon ƙasa. Sancarani, a tsakar gida kika ce, “Matar Yaya, lemo kika ɓare kika sa hannu a tamba, na gan ki!” Lacimaya ta ce, “Ke da kika zuba marca tamba tana turiri fa? Sannu gwana!” Ni kuwa, ban da kunya, abin da ya hana ni sukuni shi ne son sanin gaskiyar lamarin. Da lokacin kaka ya zo, tunda an ce lemo yana ɓata giya, na ɓare lemo da gangan na cuɗa tamba a ƙaramar randa: giya ta yi daɗi. Na sake wata na zuba marca da sauran zafi: ta yi rauni, amma ba tsami. Sai na cika babbar randar da ruwa na zauna ina kallonta. Can sai ga danshi yana tsattsafowa ta ƙarƙashin wuya, tsaga siririya kamar gashi, wataƙila tun girgizar ƙasa. Iska ce ta shiga. Na gaya wa kowaccenku, kowacce ta ce “To, Inna,” ta kau da kai. Randar tana bayan rumbu. Ku je tare ku sa yatsa a wurin. Bayan nan wadda ta ci gaba da gaba, ta san ba don giya take yi ba.

Na biyar. Itatuwan lemo na gangare na Mukum ne. Auta, da ka shiga ɗarikar masu farin kaya ka bar giya da nama, na ji zafi, na ɗauka hannuna ka ƙi. Daga baya na lura idonka ya washe, matarka ta yi ƙiba. Akwai abin da ka gano, kuma na so a ce na tambaye ka da kyau. Aitaraj, ka bar ce masa “waliyyin gidanmu” in an taru. A dafa masa shayi, a ba shi wurin zamansa kusa da kai. Kai kuma Mukum, ka bar tsayawa a bakin ƙofa kamar baƙo. Ƙamshi bai taɓa karya alkawarin kowa ba.

Na ƙarshe. A saman bene akwai ƙananan randuna biyu da na liƙe kafin ciwo ya kwantar da ni. Tamba ɗaya, marca ɗaya, rana ɗaya. A kan ta dama na ɗora gawayi da jan barkono na korar mugayen iskoki, yadda kowace mace take yi a dutsen nan. Ta hagu ban ɗora mata komai ba. Tun ina amarya nake son gwada wannan, tsoro yana hana ni. Yanzu da nake shirin zuwa inda iskokin suke, na ga ba sauran abin ɓoyo. Ranar da za ku yi mini sadaka, Sancarani ta buɗe ɗaya, Lacimaya ta buɗe ɗaya, Aitaraj ya ɗanɗana, Mukum ya tsaya shaida tunda shi kansa ba ya juyawa.

Yuma ta tsare ku, ta cika rumbunanku, ta raya 'ya'yanku su yi ta damunku da tambaya. Ku riƙe juna, kada kogi ya zama iyaka tsakaninku. In kun gama da randunan, ku hauro kabarina ku huɗu, kada a bar kowa a baya, ku faɗa mini yadda ta hagu ta fito. Ku ɗaga murya, kun san kunnena na dama ba ya ji.