Kin Ce Tasrih, Na Ji Tasbih

"Khalti, kada ki ba kowa ɗakina. Kafin bishiyar ƙofar gida ta zubar da ganye na dawo."

Ke kika faɗa, Hanin, kina jan akwati a matakala. To ganye ya zuba, masu shara sun kwashe, bishiya tana nan tsirara, ɗakinki a rufe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mahaifinki da jikinsa, da dukan mutanen gidanku a Gaza. Na sa wasiƙar nan a zaurenmu na matan Hausawa a intanet, don haka ba ke kaɗai za ki karanta ba. Saboda su zan maimaita abubuwan da kin riga kin sani, sai ki yi haƙuri.

Haya kika zo yi gidana a unguwar Ardwick, nan ƙasar Turawa, ɗaliba mai koyon ilimin ji: gwada kunne da taimakon waɗanda jinsu ya taɓu. Kin ce yaran unguwarku da yawa ba sa juyowa idan an kira su, tun da ƙarar bam ta shiga kunnuwansu. Ba a yi wata ba kika fara ce mini Khalti, wato inna da yarenku. Ranar da kika dafa mulukiyya kina ta yi mini bayani kamar sabon abu, na ɗanɗana na ce ai wannan lalo ne, tun a Kano muke yauƙi da shi. Kika ce to mun zama dangi ta wajen miya.

Kin tuna ranar da muka hau bas zuwa Birmingham, wajen yayata Hajiya Rabi a Balsall Heath? Kin jingina kai da taga, kina kallon tumaki a cikin ruwan sama, kika ce: "Jami'ar da na fara samu a ƙasarmu take, tafiyarta ba ta kai wannan ba." A Yammacin Kogin Jordan take, an kuma hana ɗaliban Gaza zuwa can. Wato makarantar ƙofar gida ta fi ƙarfinki, sai da kika tsallako teku. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin karatu, na karanta tarihin zalunci iri-iri, amma ranar ce na ga an auna shi da kujerar bas.

Sai kika tafi hutu duba mahaifinki, aka rufe mashigar kan iyaka a bayanki.

Yanzu kuma ga abin dariyar da kika hana ni mantawa. Na kira ki da katin waya, layi yana ƙara kamar ana suya, na tambayi me ya tsayar da ke. Kika ce tasrih, ni kuwa na ji tasbih. Na ce Allah sarki, yarinya tana cikin damuwa, ko tasbaha ba ta da ita. Na ɗauko ta uwata, baƙa mai santsi, na ba Hajiya Rabi, ta ba wani maƙwabcinta mai zuwa Masar, wadda ke iyaka da Gaza, shi ma ya ba wani. Ashe tasrih takardar izinin fita ce, wadda ba a samu sai sojojin mamaya sun ga dama.

Tasbahar ta iso hannunki. Kika yi dariya a waya har kika ƙware, kika ce: "Khalti, idan na dawo ke ce farkon wadda zan gwada wa kunne."

Na yi dariyar tare da ke. Da na ajiye waya na zauna a matakala. Ƙwayoyin itace a jikin zare sun samu hanyar shiga, mutum mai gurbin karatu a hannu bai samu ta fita ba. Kin ce ku da yawa ne a bakin mashigar, masu likitanci da masu injiniya, kowa zaune kan akwatinsa, tasbahar tana zagayawa hannu zuwa hannu. Uwata ba ta taɓa shiga aji ba. Ga tasbaharta tana zaman jira da ɗaliban jami'a.

Kwanan nan mafarki nake yi ido biyu. Idan na hau jirgin cikin gari zuwa Salford, na ga ruwan tashar jiragen ruwa kwance kamar faranti, sai in ga ya miƙe, ya bar gine-gine, ya yi ɗumi, ya yi shuɗi, har ya je ya taɓa yashin garinku. In hango ki a ƙaramin kwalekwale, littattafai a cinya, babu mai tambayarki takarda. Wani lokaci bishiyar ƙofar gida nake gani tana tsince ganyenta ɗaya-ɗaya tana mayarwa, don kada ki zama mai saɓa alkawari. Sai ƙofa ta buɗe, sanyi ya shigo, in ga na wuce inda zan sauka.

Na je sashenku a jami'a. Wata mata mai taushin murya ta ba ni shayi, ta tambaya ko ba za ki iya bin wani filin jirgin ba. Na ce mata ba a tambayar wanda aka rufe a rijiya me ya sa bai bi ta taga ba. Ta ce doka ce: idan aka koma karatu bayan hutun Kirsimeti ba kya nan, za a cire sunanki, gurbin ya tafi. Masu koyar da ilimin ji ke nan, 'yata. Na yi ta magana, ko ɗaya bai juyo ba.

To ga nawa wa'adin. Litinin ɗin da za a koma, ko ki shigo ajin nan da ƙafarki, ko ni in shiga. Zan zauna a kujerarki da mayafina da ƙaramar rakoda. Idan aka kira sunanki zan amsa. Duk abin da malami ya faɗa zan ɗauka, in kunna miki ta waya, ko katin zai ƙare sau nawa. Ranar da aiki ya riƙe ni, Hajiya Rabi ta ce za ta hau bas ta zo, ga kuma matan zauren nan da ke karantawa, na san wasu sun fara neman takalmi. Mai son cire sunanki sai ya fara ɗaga mace mai furfura daga kujera a gaban ɗalibansa.

Allah ya buɗe muku ƙofar da mutum ya rufe. Ya ba mahaifinki lafiya, ya mayar wa yaran unguwarku jinsu, ya kawo tasrih ɗin da na kasa ji. Tasbahar kuwa aro ce, Hanin. Ba na son a aiko mini da ita. Da hannunki za ki kawo.

Taki har kullum,
Khaltinki mai nauyin kunne, daga Ardwick