Zane Goma Sha Bakwai a Kayen Madam Bushira

Dogon Dutsi, Lahadi, 19 ga Nuwamba

Zuwa ga Uwar Zalika,

Ki gafarce ni da na dame ki da takarda ana tsakiyar roron wake, haka ita ma ƙanwarki Hasiya da za ta karanta miki. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da su Baba da Inna da dukkan mutanen Ɗan Kassari. Yaya ciwon gwiwar Inna? Mu nan lafiya, ƙanwata A'i tana yi mana tuwo, sai dai Zalika ba ta cin rabin abin da ta saba.

Yau kwana arba'in da ɗaya da tafiyarki. Ba zan ɓoye dalili don kunyar mai karatu ba: ni ne na hana ku yin magana da hannu, ke da ɗiyarmu kurma. Ni ne na sa ta mai da hannuwa baya, na riƙe moɗa na ce sai ta furta "ruwa" da bakinta. Kin ce mini takarda ba ta taɓa goyon yaro ba, kika ɗauki mayafinki. Na yi haka ne bisa ɗan littafin nan da na samo a asibiti, wanda shafi na shida ya ce kada a biya wa yaro bukata da nuni, domin harshensa zai yi lalaci.

Tun ranar nan Zalika ta naɗe hannu. A gida shiru, a lakwal, wato makarantarsu, shiru. Darakta ya kira ni ya ce yara takwas suna jiran wuri a ajin kurame, kuma idan aka kai hutun Disamba ba a ga alamar tana ɗaukar karatu ba, zai ba wani bencinta.

Jiya da hantsi malamarsu, Madam Bushira, ta zo gidanmu a kan kabu-kabu, babur ɗin haya, ranar hutunta, ba wanda ya aiko ta. Na fito mata da kujera, ta ƙi, ta tuɓe takalmi ta zauna kan tabarma kusa da Zalika. Na kawo akwatin littattafaina don ta san ba da ka nake aiki ba. Ta karanta ɗan littafin daga farko har ƙarshe, ba ta yi dariya ba, sannan ta tambaye ni ina bangonsa. Kin san ba shi da bango tun da na same shi. Sai ta ce ta san shi sarai: an rubuta shi ne don yara masu ji waɗanda suka yi jinkirin magana, ba don kurame ba, kuma a bangon aka faɗi haka. Shekara biyu, Uwar Zalika, ina bin shafi na shida!

Na yi tsammanin faɗa. Maimakon haka ta ce uban da ya ja layi da alƙalamin bik a ƙarƙashin kowace jimla uba ne da za a iya aiki da shi, sai dai a canza masa littafi. Sannan ta buɗe wani kaye, littafinta na rubutu. Ashe ba ta fara koya wa yaro alamun hannu na lakwal sai ta bi gida gida ta koyi waɗanda uwarsa ta ƙirƙira, ta zana su, ta rubuta ma'ana a gefe, a kansu take ɗora sauran. Ta je har Kore Mairuwa don alamun wani yaro guda. A shafin Zalika akwai zane goma sha bakwai, waɗanda ta tsinta lokacin shan iska, yarinyar tana yi wa kanta a bayan aji idan ta zaci ba mai kallo. Gefen ma'ana babu komai.

Ta miƙo mini bik in cike. Ni da nake gyara rediyon rabin unguwa, na duba zane goma sha bakwai ban san ko ɗaya ba. Ta ce to, a wannan darasi kam babbar malamar tana Ɗan Kassari, ita da ni duka 'yan aji ne.

Biyu kawai Madam ta gane da kanta, su ma ba ta rubuta ba tukuna. Tafin hannu a buɗe gaban fuska, kamar mai karatu, ni ne, na karɓa. Yatsu biyu a ja su kan kunci, inda zanen fuskarki yake, sannan a juya hannu sama, wannan shi kaɗai Zalika take yi mata kowace safiya a bakin ƙofar aji. Ba sai na fassara miki ba, ke take tambaya.

Don haka nake roƙon abu uku, kuma ina so Hasiya ta rubuto amsa ta ba direban motar kasuwa:

1. Ki dawo kafin Alhamis ta sama, domin Madam ta keɓe yammacin ranar don ki cike mata shafin. Idan ba ki huce da ni ba, ki sauka wurin A'i, ba zan yi ƙorafi ba.

2. Ki yarda in zauna a gefe ina koyo. Na sayi kaye sabo, kuma na yi alkawari ba zan gyara miki komai ba.

3. Ki kwatanta wa Hasiya yadda ake cewa "tana zuwa" da hannu, dalla-dalla: wane hannu, yatsu nawa, ta wane gefe. Amma ba zan yi wa Zalika shi ba sai na ga amsar ta ɗaya, domin ita ce kalma ta farko da zan faɗa mata, kuma ba na so ta zama ƙarya.

Ki gaishe da su Baba. Ina sauraron motar.

Ni ne mijinki,
Mani Garba